Ƙusa Ya Buɗe Shago

Ƙusa ake ce masa. Tun yana matashi a wurin koyon haɗa kujerun kushin yake da ɗabi'ar cika baki da ƙananan ƙusoshi, yana zaro su ɗaya-ɗaya yana bugawa, in ka yi masa magana sai dai ya amsa maka da hanci. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ce kaɗai ba ta kiransa da shi. Ita Baban Yara take cewa, sai fa in ya ɓata mata rai.

Ya fi shekara ashirin yana aiki a shagon wani dattijo da duk ma'aikata ke kira Maigida. Shago ne mai zurfi a bayan layin masu katako. A gaba an jera gamammun kujeru a lulluɓe da leda, a baya kuma tarin soso ne da ƙwarangwal ɗin kujeru da warin gam mai kama maƙogwaro. A nan Ƙusa ya zama gwani. Masu kawo aiki sukan ce, "Don Allah Ƙusa za a ba," shi kuwa ya yi kamar bai ji ba, alhali kansa na fasuwa.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Bai taɓa ganin Maigida ya riƙe guduma ba. Mutumin yakan zauna a bakin ƙofa da waya a kunne, ya yi dariya, ya yi rantsuwa, ya fita ya dawo. In wata ya ƙare ya biya kowa haƙƙinsa, ba ya saɓawa. Amma Ƙusa yakan koma gida da ciwon kafaɗa ya ce wa matarsa, "Mu ke zubar da gumi, shi ke shan inuwa. Da ni ke da shagon nan, da kin ga abin mamaki."

Ita dai takan ce, "Allah ya ba ka naka," ta ci gaba da abin da take yi.

Wata safiya Maigida ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yansa kowa na da aikinsa, ba wanda ya san kan sana'ar, ba kuma wanda ke son ya sani. Kafin shekara ta zagayo suka sayar da wurin ga wani mai tayoyin mota. Ƙusa ya tsinci kansa a gida, yana dab da hamsin, ga 'yarsa ta fari tana karatun jinya, ga ƙannenta suna biye da ita.

A nan ne Auta ya shigo. Ƙanin matarsa ne, tsohon direban babbar mota, mai surutu da saurin fushi da saurin hucewa. Ciwon baya ya raba shi da tuƙi, ya sayar da kasonsa na motar, kuɗin na ajiye suna ƙaiƙayinsa. Ya zo gidan wata rana da yamma, ya miƙe ƙafa a ɗakin yayarsa, ya ce wa Ƙusa, "Yaya, kai kana da hannu, ni ina da jari. Me muke jira?"

Suka tafa a wurin. Matar Ƙusa tana ninke kayan wanki, ta ɗago kai ta ce, "To ran da kuka saɓa fa, wa zai raba ku? Ni?"

Suka kwashe da dariya. Auta ya ce, "Haba Yaya, mu da muka zama ɗaya?"

Suka kama hayar wani shago mai ƙofar ƙarfe, kusa da mai walda. Ƙusa ya nemo Gajere, tsohon abokin aikinsa, magidanci mai 'ya'ya huɗu wanda ba ya son yawan magana. Ya kuma ɗauki wata mata mai ɗinka rigunan kujeru, wadda kowa ke ce wa Tela. Aiki ya zo tun makon farko, don masu kawo wa Maigida aiki sun san inda gwanin ya koma. Ƙusa bai mayar da kowa ba. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai zo ya ɗauka, sai ya ce, "Asabar, in sha Allah." Farashi kuwa ya karya shi, domin ya daɗe yana ganin Maigida na tsawwalawa. Yakan haɗa kuɗin katako da soso da yadi, ya ɗora ɗan wani abu a kai, shi ke nan.

Kuɗin ciniki a aljihun rigar aikinsa suke zama. In an aiko daga gida babu cefane, ya zura hannu. In Auta ya zo yana buƙatar man babur, shi ma a zura masa hannu, ai jarinsa ne. 'Yan uwa suka gano hanya. Wannan ta kawo kujerun ɗakinta, wancan ya kawo na surukinsa, a gama a ce, "Allah ya saka da alheri," a ɗora a mota. Rannan ma'aikatan hukuma suka zo suna tambayar takardar izinin shago, Ƙusa ya tsaya yana kallonsu da guduma a hannu, don bai taɓa sanin akwai ta ba. Aka rufe ƙofa na 'yan kwanaki, sai da aka biya tara.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, bai taɓa yin aiki kamar na wannan shekarar ba, bai kuma taɓa shiga matsi kamar nata ba. Shago cike da kujeru, hannu ba ya hutawa, amma in wata ya ƙare sai ya riƙa kauce wa idon Gajere da Tela.

Rigimar ta fashe ne a kan yadi. Auta ya ci karo da wani jan yadi mai sheƙi ana karyar da shi, ya saye bandir-bandir bai gaya wa kowa ba. Ƙusa ya ja gefensa da yatsu biyu, yadin ya buɗe baki.

"Wannan ko labule ba zai yi ba," in ji shi. "Wa ya ce ka saya?"

"Wa zan tambaya? Ba kuɗina ba ne? Kai da kake yi wa dangi aiki kyauta, ni ka tambaye ni?"

"Danginka ne rabinsu!"

Muryoyi suka tashi har mai walda ya kashe injinsa. Gajere, wanda ke tsaye da almakashi tun ɗazu, ya yi gyaran murya ya ce, "Ni dai ku gaya min. Wannan ya ce in yanka, wannan ya ce kar in yanka. Shagon nan maganar wa ake bi?"

Auta ya hau babur ya tafi.

A gida matarsa ba ta ce ai na faɗa ba, ko da yake Ƙusa ya ga maganar a fuskarta. Mijinta ne a gefe ɗaya, ƙaninta a ɗaya gefen, duk inda ta juya nata ne. Da ta ga ya kasa cin abinci sai ta ce, "Baban Yara, yaushe rabonka da gaida Maigida?"

Ya daɗe, kuma ya ji kunyar hakan. Washegari da hantsi ya je. Ya tarar da dattijon a kujerar guragu a ƙarƙashin rumfa, ya rame, hannu ɗaya a kan cinya kamar ba nasa ba. Maganarsa ta yi nauyi, sai an kasa kunne. Bayan gaisuwa ya tambayi shago, Ƙusa ya ce alhamdu lillahi, aiki har ya yi yawa.

"Nawa kake biyan kanka?" in ji Maigida.

Ƙusa ya ce ai shagon nasa ne, ba sai ya biya kansa ba.

"Soso fa, ina kake sarowa?"

"A kasuwa, in aiki ya zo."

"Wane aiki ka ƙi karɓa a watan nan?"

"Ban ƙi ko ɗaya ba, Maigida."

Dattijon ya yi dariya da rabin baki har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Ni rabin aikina cewa a'a ne." Sannan a hankali, kalma na jan kalma, ya ba shi labarin wayar nan da kullum take kunnensa. Da ita yake ciniki da masu yin soso tun kafin farashi ya tashi. Da ita yake lallashin mai gidan haya. Da ita yake ba masu aiki haƙuri duk ran da Ƙusa ya tsaya gyaran wata kusurwa da ba wanda zai gani, har ranar alkawari ta wuce. "Ba ka taɓa jin an zage ka ba, ko? Ni nake karɓar zagin a bakin ƙofa."

Ƙusa ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru yana cikin shagon nan, ashe bayansa kawai ya sani.

"Ni da asara na koya," in ji Maigida. "Sau biyu ina karyewa kafin ka zo wurina. Kai ba ka da shekarun da za ka karye sau biyu. Akwai wata yarinya tana koyar da masu ƙananan sana'a duk Asabar da safe, jikar aminina ce. Je ka zauna a gabanta."

Ajin na wata makarantar yara ne da ake ara ranar da ba karatu. Bencinan ƙanana ne, gwiwoyin Ƙusa suka kusa taɓa haɓarsa. Ga masu gyaran waya, ga masu kitso, ga wata mai kiwon kaji, duk ya haife su. Malamar ma ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ya zauna can baya kusa da taga, da niyyar in abin ya zama wasan yara ya sulale.

Malama ta zana da'ira biyu a allo, ta rubuta “kai” a ɗaya, “sana'arka” a ɗaya. Ta ce, "Daga yau ku ɗauka mutum biyu ne. Sana'a tana da cikinta, tana da aljihunta. In ka ɗauki kuɗinta ka yi cefane, ba naka ka ɗauka ba, nata ka ci." Daga nan ta shiga bayanin yadda ake kafa sana'a. Akwai wadda mutum ke yi shi kaɗai, riba tasa, asara tasa. Akwai ta haɗin gwiwa. Akwai kuma kamfani, wanda hukuma ke yi wa rajista ya tsaya da ƙafarsa ko da masu shi sun canza. Ta ce duk masu haɗin gwiwa su rubuta yarjejeniya: wa ya kawo me, wa ke yanke wace shawara, yaya za a raba riba, yaya za a rabu in rabuwa ta zo.

Ƙusa bai san sanda ya ɗaga hannu ba. "Malama, in kai da ƙanin matarka ne fa?"

Aji ya fashe da dariya. Malama ma ta murmusa, ta ce, "Baba, ai ku kuka fi kowa buƙata."

"Takarda tsakanin 'yan uwa rashin yarda ce."

"Ba don yau ake rubutawa ba, Baba. Don ranar da ɗayanku ya gaji ne, ko ya kwanta, ko ya bar 'ya'ya da ba su san abin da kuka ƙulla ba."

Mai tayoyin nan ya faɗo wa Ƙusa a rai, da yadda aka fitar da teburin aikinsa aka jingine a titi.

Ya ci gaba da zuwa. Ba duk abin da ake faɗa yake kamawa ba. Ranar da aka yi darasin haraji ya fito kansa na juyawa, sai da 'yarsa ta zauna ta sake warware masa a gida, tana tsokanarsa wai ɗalibi ya yi aikin gida ko a kai ƙararsa. Amma ranar farashi ba zai manta da ita ba. Malama ta kira shi gaban allo ta ce ya faɗi abin da kujera ɗaya ke ci. Ya lissafa katako, soso, yadi, ƙusa, gam. Ya tsaya.

"Haya fa?" in ji mai kaji.

"Wuta da man janareta?" in ji wani mai gyaran waya.

Aka yi ta jefo masa: ladan masu aiki, kuɗin mota, gyaran keken ɗinki, yadin da ke lalacewa wurin yanka, da nasa ladan shi kansa. Da aka haɗa, Ƙusa ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya juyo ya ce, "Ashe ni nake biyan mutane su zauna a kujeruna." Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma a hanyar gida lissafin nan ya yi ta maimaitawa.

Maganar yarjejeniya ba ta yi wa Auta daɗi ba. "Takarda tsakanina da kai, Yaya? Ɓarawo ka ɗauke ni?" Ya yi makonni bai leƙo shago ba. Yayarsa ce ta same shi a gidansa, ba wanda ya san abin da ta ce masa, sai ga shi ya dawo yana ƙunƙuni. Suka zauna a bayan shago a kan tarin soso, 'yar Ƙusa na rubutawa. Sayen kaya da kai wa masu aiki kujerunsu da duk wata hulɗar waje, na Auta ne, tunda shi ya san hanya ya kuma iya baki. Ingancin aiki da sa farashi da kula da ma'aikata, na Ƙusa. Duk sayayya mai nauyi sai su biyun sun yarda. Kowa zai ɗauki albashi kamar sauran ma'aikata, riba kuma sai ƙarshen shekara, bayan an ware wa shago nasa. Dangi za a yi musu ragi, amma ba kyauta.

Wajen rajista suka kusa sake ɓatawa a kan suna, kowa na son nasa a gaba. A ƙarshe suka sa wa shagon sunan mahaifiyar Auta, wadda ita ce surukar Ƙusa, don ba wanda ya isa ya ce a'a. Aka buɗe asusu a banki da wannan sunan. Ranar farko da Ƙusa ya kai cinikin mako ya dawo aljihu wayam, sai ya ji kamar an yi masa fashi.

Gyaran bai zo da daɗi kawai ba. Da farashi ya tashi wasu suka ɗauke ƙafa. Wani tsohon abokinsa ya ji kuɗin aiki, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Lallai Ƙusa, ka zama Maigida." Ya tafi bai dawo ba, kuma maganar ta daɗe tana sukarsa. Wata gwaggon matarsa ta daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Sannan wani sabon otal ya zo da babban aiki, kujerun ɗakuna gaba ɗaya, a ƙurarren lokaci. Auta har rawa ya taka. Ƙusa ya zauna ya auna hannayen da suke da su da jarin da aikin zai haɗiye kafin a biya su, ya ce kashi ɗaya cikin uku za su iya. Sauran aka kai wani shago, wanda bayan shekara mai shi ya sayi mota. Har yau in maganar ta taso Auta yakan ce tsoro ne, Ƙusa ya ce hankali ne, kuma a cikin ransa bai tabbata wanda ya fi gaskiya ba.

Darasin da ya fi ba shi wuya ba na lissafi ba ne. Malama ta taɓa tambayar aji, "In ka kwanta ciwo, sana'arka za ta buɗe ƙofa?" Ƙusa ya san amsar tasa. Duk kujerar da Gajere ya gama sai ya bi bayanta ya zare ƙusa ya sake ja. Gajere bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ya daina sa zuciya a aikin, tunda ko ya yi za a warware. Da ƙyar Ƙusa ya koyi tsayawa a gefe da hannu a baya. Ya nuna wa Gajere yadda yake auna aiki ya sa farashi, ya bar Tela ta riƙa zaɓar yadi da masu kawo aiki, don ya lura sun fi sakewa da ita.

Ana cikin haka aka aiko yayansa na can wani gari mai nisa ba lafiya, ba kuma mai jinyarsa. Ƙusa ya tafi da niyyar mako ɗaya, ya share fiye da wata. A hannunsa yayan ya cika. Duk tsawon zaman nan, in ya kira waya Auta yakan ce, "Yaya, ka ji da abin da ke gabanka, nan lafiya lau." Bai yarda ba. Ya ɗauka ana ɓoye masa ne saboda halin da yake ciki.

Da ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe, keken Tela na ƙara, an biya haya, an kai aikin da ya bari, har an karɓi sabo. A gaban shago ga wasu kujeru masu ruwan ƙasa suna jiran mai su. Ya zagaya su. Ninkin kusurwar ba irin nasa ba ne, Gajere ya kwantar da shi ta wata fuska daban. Yatsunsa suka yi ƙaiƙayi. Ya duba da kyau, ya ja, ya danna, bai sami aibu ba. Daban ne kawai.

Da yamma yana zaune a tsakar gida, matarsa ta ajiye masa ruwa ta ce, "Tunanin marigayi ne?"

"Har da shi." Ya juya kofin a hannu. "Sun yi ba ni, kin sani. Komai sun yi."

"To ba abin da kake ta nema ke nan ba?"

"Shi ne. Ban dai san zai yi zafi ba."

Ta zauna kusa da shi.

Shagon bai zama babba ba. Sun ƙara ma'aikaci ɗaya, sun karɓi ɗakin da ke jikinsu da mai walda ya tashi, albashi kuma ya daina latti. 'Yar ta gama karatunta. Maigida ya rasu a shekarar, Ƙusa na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Kwanan baya, bayan an tashi aiki, Gajere ya tsaya yana goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Ina da magana. Na ɗan tara wani abu. Ina so in sa a shagon nan, in zama da kaso, ko yaya yake. In ba zai yiwu ba, ba komai, sai in nemi wuri in gwada nawa."

Ƙusa ya dube shi. Mutumin nan bai taɓa haɗa jimla huɗu a jere a gabansa ba sai yau. Ya ji wani abu ya taso masa mai kama da kishi, ya bar shi ya wuce. Ya tuna Auta zai yi tsalle ya dire kafin ya saurara, ya kuma san shi kansa bai san yadda ake shigar da mutum na uku ba tare da an tauye na biyun ba. Sai an tambaya, sai an zauna.

"Na ji," ya ce. "Ba ni kaɗai ke da ta cewa ba. Ka bari in ga Auta, mu sa rana mu uku."

Gajere ya gyaɗa kai, ya rataye tsumman a ƙusa. Suka ja ƙofar ƙarfen tare, don ta yi wa mutum ɗaya nauyi.